Igiyoyin nauyi

Igiyoyin nauyi wasu kaɗawa ne da ke ratsa sararin samaniya da gudun haske. Suna tasowa ne idan abubuwa masu tsananin nauyi, kamar baƙaƙen ramuka ko taurarin nutron, suka kewaya juna da sauri ko suka yi karo. Idan igiyar ta ratsa wani wuri, sai ta miƙar da tazarar da ke tsakanin abubuwa ta fuska ɗaya, ta matse ta ta ɗaya fuskar, sannan ta juya, ta yi ta maimaita haka har ta wuce. Albert Einstein ne ya yi hasashen samuwarsu a 1916, amma sai ranar 14 ga Satumba 2015 aka auna su kai tsaye a karon farko, a tashoshin LIGO guda biyu da ke Amurka. Daga lokacin zuwa yau an kama irin waɗannan alamu fiye da 200, kuma nazarinsu ya zama reshe mai zaman kansa a ilimin taurari.

Kafin 2015, kusan duk abin da aka sani game da abubuwa masu nisa a samaniya ya zo ne ta hanyar haske, walau wanda ido ke gani ko danginsa irin su igiyoyin rediyo. Baƙin rami kuwa ba ya fitar da haske, don haka ramuka biyu za su iya haɗewa ba tare da wata na'urar hangen nesa ta ga komai ba. Igiyoyin nauyi ne ke kawo labarin irin wannan karo, kuma ƙura ko taurarin da ke kan hanya ba sa tare su.

Asalinsu a ka'idar Einstein

A ƙarshen 1915 Einstein ya kammala ka'idarsa ta dangantaka ta gaba ɗaya, wadda ta bayyana ƙarfin jan nauyi, wato abin da ake yawan kira maganaɗisun ƙasa, ta wata sabuwar hanya. A ka'idar, sarari da lokaci haɗe suke kamar shimfiɗa guda, kuma duk abu mai nauyi yana lanƙwasa wannan shimfiɗa a kewayensa. Malamai sukan kwatanta hakan da zanen da aka ja ta kusurwoyi huɗu aka ɗora dutse a tsakiyarsa: duk ƙaramin abin da aka gangara a kai zai karkata zuwa wajen dutsen. Idan abin mai nauyi ya motsa da ƙarfi, lanƙwasar ma sai ta motsa, ta bazu zuwa ko'ina kamar yadda ruwan tafki ke yi idan an jefa tsakuwa a cikinsa.

Igiyoyin da yawancin abubuwa ke fitarwa ba su da ƙarfin da za a iya aunawa. Duniya, duk da girmanta, a kewayen da take yi wa rana tana fitar da kimanin wat 200 ne kawai ta wannan hanya, abin da bai wuce ƙarfin 'yan kwararan fitila ba. Sai an samu abubuwan da suka kai rana nauyi ko suka fi ta, aka dunƙule su cikin ɗan ƙaramin wuri, suna kuma gudu kusa da gudun haske, kafin igiyar ta yi ƙarfin da za a iya kama ta daga nesa.

Einstein da kansa ya yi ta shakku a kan lamarin. A 1936 shi da Nathan Rosen sun rubuta takarda suna cewa igiyoyin ba su wanzu ba, amma aka gano kuskure a lissafinsu, ya sauya matsaya kafin a buga aikin. Muhawarar ta ci gaba har zuwa wani taron masana da aka yi a Chapel Hill, a jihar North Carolina, a 1957, inda Richard Feynman ya nuna cewa igiyar za ta iya motsa ƙwanƙwalar da aka zura a sanda har gugar ta haifar da zafi. Abin da ke iya haifar da zafi kuwa dole yana ɗauke da makamashi, saboda haka ana iya auna shi.

Tarihin nema

Joseph Weber na Jami'ar Maryland ne ya fara ƙera na'urar neman igiyoyin a shekarun 1960. Ya yi amfani da manyan gungumen alminiyum, da fatan za su yi rawa idan igiya ta ratsa su. A 1969 ya sanar cewa ya kama alamu, amma sauran ɗakunan bincike da suka ƙera irin na'urarsa ba su ga komai ba, kuma masana ba su amince da sakamakon nasa ba. Duk da haka aikinsa ya jawo hankalin masu bincike da yawa zuwa fannin.

Hujja ta farko mai ƙarfi ta zo ne a kaikaice. A 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor, suna aiki da na'urar rediyo ta Arecibo da ke Puerto Rico, sun gano taurarin nutron guda biyu da ke kewaya juna cikin kimanin sa'o'i 7 da minti 45. Tauraron nutron shi ne ragowar babban tauraro da ya fashe, wanda nauyinsa ya ɗara na rana amma faɗinsa bai wuce kilomita 20 zuwa 25 ba. Ɗaya daga cikin biyun fulsa ne, wato irin wanda ke aiko da walƙiyar rediyo a kan kari kamar bugun agogo. Bayan shekaru ana sa ido, Taylor da Joel Weisberg sun nuna cewa taurarin suna matsowa kusa da juna da kimanin mita 3.5 a kowace shekara, daidai da abin da ka'idar Einstein ta ce zai faru idan suna asarar makamashi ta hanyar igiyoyin nauyi. An ba Hulse da Taylor lambar yabo ta Nobel a 1993.

A gefe guda, Rainer Weiss na cibiyar MIT ya rubuta rahoto a 1972 wanda ya zayyana yadda za a yi awon da hasken leza, ya kuma lissafa abubuwan da za su iya dagula shi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya haɗa kai da Kip Thorne da Ronald Drever na Caltech, aka kafa shirin LIGO da kuɗin Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. Sunan gajartawa ce ta Turanci da ke nufin cibiyar sa ido kan igiyoyin nauyi ta hanyar haɗa hasken leza. Barry Barish ya karɓi jagorancin shirin a 1994, ya kai shi ga gini. Na'urorin farko sun yi aiki daga 2002 zuwa 2010 ba tare da sun kama komai ba, sai aka kwance su aka sanya sababbi masu ƙarfin ji, waɗanda suka fara aiki a 2015.

Yadda na'urar take aiki

LIGO na da tashoshi biyu, ɗaya a Hanford a jihar Washington, ɗaya a Livingston a jihar Louisiana, da tazarar kimanin kilomita 3,000 a tsakaninsu. Kowace tasha tana da siffar harafin L, da hannaye biyu masu tsawon kilomita 4 kowanne. Hannayen bututun ƙarfe ne masu faɗin mita 1.2 da aka zuƙe iskar cikinsu kusan ƙaf. Saboda tsawonsu, sai da magina suka yi la'akari da lanƙwasar doron ƙasa, wadda ta kai kimanin mita ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

A kusurwar da hannayen suka haɗu ana harba hasken leza, a raba shi gida biyu, kowane rabi ya bi hannu ɗaya. Madubai suna mayar da hasken, ya yi ta kai da komowa sau kusan 300 kafin ya fito, abin da ke ninka tsawon tafiyarsa. Idan rabin biyu suka sake haɗuwa, an saita su yadda za su soke juna, ta yadda kusan babu hasken da ke isa ga ma'auni. Da igiyar nauyi ta wuce, hannu ɗaya zai ɗan ƙara tsawo, ɗayan ya ɗan ragu, sokewar ta gaza cika, sai ɗan haske ya bayyana. Yadda wannan haske ke ƙaruwa da raguwa shi ne hoton igiyar.

Wahalar aikin tana cikin ƙanƙantar abin da ake aunawa. Canjin tsawon da aka gani a 2015 ya fi furoton, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Girgizar ƙasa a wata nahiya, bugun igiyar teku a gaɓa, wucewar babbar mota ko sare itace a dajin da ke kusa, duk suna iya girgiza madubi fiye da haka nesa ba kusa ba. Har an taɓa gano cewa wasu alamu a Hanford sun fito ne daga hankaki masu saran ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyaya. Don kauce wa irin wannan, kowane madubi, mai nauyin kilo 40, an rataye shi ne a matakai huɗu, na ƙarshen da siraran zaren gilashi, a kan wani dandamali da ke jin motsin ƙasa yana kuma soke shi. Amfanin tashoshi biyu shi ne tantancewa: hayaniyar gida takan bayyana a wuri ɗaya ne kawai, igiyar gaske kuwa dole ta bayyana a duka biyun cikin tazarar da ba ta wuce kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, wato lokacin da haske ke ɗauka tsakaninsu.

Ganowa ta farko

Da misalin ƙarfe 9:50 na safe agogon GMT, ranar 14 ga Satumba 2015, alama ta iso Livingston, sannan ta iso Hanford bayan kimanin kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma cikin wannan ɗan lokaci kaɗawarta ta tashi daga sau 35 zuwa sau 250 a daƙiƙa. Igiyar nauyi ba sauti ba ce, amma da yake yawan kaɗawarta ya yi daidai da wanda kunne ke ji, akan mayar da ita sauti, sai a ji wani gajeren ƙara mai hawa sama kamar kukan tsuntsu.

Lissafi ya nuna cewa baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe, ɗaya ya ninka rana nauyi sau 36, ɗayan sau 29, a nisan kimanin shekarun haske biliyan 1.3. Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci cikin shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Ramin da aka samu bayan haɗewar ya ninka rana sau 62. Ragowar nauyin, kwatankwacin rana uku, ya koma makamashi ya tafi a matsayin igiyoyi. A lokacin da abin ya kai ƙololuwa, ƙarfin da ya fita ya zarce na hasken dukan taurarin da ake iya gani idan aka haɗa su.

Masu binciken sun shafe watanni biyar suna tantancewa, har da tabbatar da cewa ba alamar gwaji ba ce, domin a baya shirin yakan cusa alamun ƙarya a ɓoye don a jarraba ma'aikata. An sanar da sakamakon ranar 11 ga Fabrairu 2016, a takardar da ta ɗauki sunayen marubuta sama da 1,000. An raɗa wa alamar suna GW150914, bisa ranar da ta iso. A 2017 aka ba Weiss rabin lambar Nobel ta kimiyyar fiziks, Barish da Thorne suka raba ɗaya rabin. Drever ya rasu a watan Maris na shekarar, kafin a sanar da kyautar.

Karon taurarin nutron na 2017

A farkon Agusta 2017 na'urar Virgo, mai hannaye masu tsawon kilomita 3, da ke Cascina kusa da birnin Pisa a Italiya, ta shiga aikin sa ido tare da LIGO. Samun tasha ta uku ya ba da damar taƙaita ɓangaren samaniyar da alama ta fito, ta hanyar kwatanta lokacin isowarta da ƙarfinta a kowace tasha.

Ranar 17 ga Agusta 2017 aka kama wata alama da ta daɗe kimanin daƙiƙa 100, wadda ta fito daga taurarin nutron biyu. Bayan daƙiƙa 1.7, taurarin ɗan Adam na Fermi da INTEGRAL suka ga walƙiyar hasken gama daga wannan ɓangare. Cikin sa'o'i 11 na'urar hangen nesa ta Swope da ke Chile ta gano sabon ɗigon haske a tarin taurari na NGC 4993, mai nisan kimanin shekarun haske miliyan 130. Cibiyoyi kusan 70 a ƙasa da samaniya sun bi sawun abin, ciki har da babbar na'urar SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu.

Wannan karo guda ya amsa tambayoyi da dama. Hasken da ya biyo baya ya nuna cewa a irin wannan fashewa ake ƙera sinadarai masu nauyi, rukunin da zinariya da filatinam ke ciki. Ya tabbatar da cewa karon taurarin nutron na cikin abubuwan da ke haddasa gajerun walƙiyoyin gama. Kuma da yake igiyar da hasken sun yi tafiyar shekaru miliyan 130 suka iso da bambancin da bai kai daƙiƙa biyu ba, an tabbatar da cewa gudunsu ɗaya ne, abin da ya rushe wasu ka'idojin da aka kawo a madadin ta Einstein.

Binciken da ake yi yanzu

Ana gudanar da aikin ne zango-zango, a tsaya a inganta na'urori, sannan a dawo. Kundin da aka fitar a Nuwamba 2021, bayan zango na uku, ya ƙunshi alamu 90. Zango na huɗu ya fara a Mayu 2023, kuma a cikinsa an riƙa kama sabuwar alama duk bayan 'yan kwanaki. Cikin dabarun da suka kawo wannan ci gaba akwai wadda ake kira matse haske, wadda ke rage hayaniyar da ke fitowa daga ɗabi'ar ƙwayoyin hasken kansu. Japan ma ta shiga haɗin gwiwar da na'urar KAGRA, wadda aka gina a ƙarƙashin dutse a Kamioka, ake kuma sanyaya madubanta zuwa kimanin digiri 253 ƙasa da sifili don rage motsin da zafi ke haifarwa.

Ɗaya daga cikin manyan tambayoyin ita ce asalin ramuka masu nauyi sosai. Ka'idar mutuwar taurari ta nuna cewa tauraro ba zai bar ramin da nauyinsa ke tsakanin kimanin rana 60 da 130 ba, domin taurarin da za su iya haifar da shi sukan tarwatse gaba ɗaya. Amma alamar GW190521 ta 2019 ta fito ne daga ramuka masu nauyin rana 85 da 66, sannan GW231123, da aka sanar a Yuli 2025, ta fito daga masu nauyin kusan 100 da 140, waɗanda suka haɗe suka ba da rami mai nauyin rana 225. Bayanin da masana da yawa ke karkata gare shi shi ne cewa waɗannan ramuka su ma daga haɗewar wasu ƙananan ramuka suka samu, a wuraren da taurari suka yi cincirindo.

Ana kuma amfani da alamun wajen jarraba ka'idar Einstein a yanayin da ba a iya samarwa a ɗakin gwaji. Alamar GW250114, da aka kama a Janairu 2025, ta fito sarai fiye da duk waɗanda suka gabace ta. Da ita aka gwada ka'idar da Stephen Hawking ya kawo a 1971, cewa jimillar faɗin saman baƙaƙen ramuka ba ta raguwa. Awon ya nuna faɗin ya tashi daga murabba'in kilomita kusan 240,000 kafin haɗewar zuwa kusan 400,000 bayanta. An sanar da wannan a Satumba 2025, makonni kaɗan bayan rasuwar Weiss.

Tambaya ta uku ta shafi saurin faɗaɗar sararin samaniya. Hanyoyi biyu da aka saba auna shi da su suna ba da amsoshin da suka ɗan saɓa, kuma an kasa daidaita su. Igiyar nauyi tana bayyana nisan inda ta fito kai tsaye, don haka tana iya zama alƙali na uku. Awon da aka yi da karon 2017 ya faɗa tsakanin amsoshin biyu, amma bai kai kaifin da zai raba gardama ba, sai an tara ƙarin irinsa.

Igiyoyi masu dogon zango

Manyan ramukan da ke tsakiyar tarin taurari, masu nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, suna fitar da igiyoyin da kaɗawa ɗaya kan ɗauki shekaru. Babu na'urar da aka gina a ƙasa da za ta iya jin su. Maimakon haka masana suna sa ido kan fulsa masu yawa, suna duba ko walƙiyarsu na isowa da wuri ko a makare bisa wani tsari na bai ɗaya. A Yuni 2023 ƙungiyar NANOGrav ta Arewacin Amurka, da bayanan shekaru 15 na fulsa 68, tare da takwarorinta na Turai, Indiya, Ostareliya da Sin, suka sanar da shaidar cewa irin waɗannan igiyoyi sun cika samaniya. A ƙarshen 2024 masu amfani da na'urar rediyo ta MeerKAT, mai faranti 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, sun fitar da sakamakon da ya yi nuni ga abu ɗaya.

Shirye-shiryen gaba

A 2023 gwamnatin Indiya ta amince da gina tasha irin ta LIGO a gundumar Hingoli ta jihar Maharashtra, wadda nisanta da sauran zai ƙara kaifin gano inda alama ta fito. Turai na shirin Na'urar Einstein, mai hannayen kilomita 10 ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, kuma tsibirin Sardiniya na Italiya da yankin iyakar Beljiyam, Holan da Jamus na cikin wuraren da ke neman karɓar ta. Masana a Amurka sun tsara Cosmic Explorer mai hannayen kilomita 40. A Janairu 2024 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta amince da shirin LISA, wanda zai harba kumbo uku su bi bayan duniya a kewayen rana, da tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakanin kowane biyu, ana sa ran harba su wajen 2035.

Duk waɗannan sun dogara ne ga kuɗin gwamnatoci na tsawon shekaru masu yawa. A 2025 daftarin kasafin kuɗin da fadar shugaban Amurka ta gabatar ya nemi a rage kuɗin LIGO, a kuma ci gaba da tasha ɗaya kawai cikin biyun. Masana da dama sun soki shawarar, suna cewa tasha ɗaya za ta sha wahalar bambance igiyar gaske da hayaniya, kuma ba za ta iya nuna wa na'urorin hangen nesa inda za su duba ba idan aka sake samun karo irin na 2017.